Bernard Darwin da Tarihin Filin Wasa: Abin Lura ga Ƙasar Kokowa

A shekarar 1953 wani dattijo Baturen Ingila mai suna Bernard Darwin ya ajiye aikin wakilcin jaridar The Times ta birnin Landan, bayan ya shafe shekara 46 yana rubuta mata labarin wasa guda ɗaya tak, wato wasan da Turawa ke kira golf, wanda kafofin watsa labarai na Hausa suka laƙaba wa suna ƙwallon lambu. A tsawon wannan lokaci jaridar ba ta sanya sunansa a kan rahotanninsa, domin al'adarta a wancan zamani ita ce ta sakaya sunan wakili, ta ambaci muƙaminsa kawai. Duk da haka masu karatun da suka saba da shafin sun san hannun mai rubutun, har ma an samu mutane da dama waɗanda ba su taɓa riƙe sandar wasan ba, amma suna bibiyar rubutunsa saboda daɗin harshensa. Shi ne mutumin da aka fi jingina wa cewa ya fid da labarin wannan wasa daga jerin sunaye da alƙaluma, ya kai shi matsayin adabi.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin makaranta a Matameye, ko shugaban ƙungiyar raya al'adu a Kance, da rayuwar mutumin da ya ƙare kwanakinsa yana bin masu buga ƙwallo a gaɓar tekun Birtaniya? Wasan kansa ba shi da gindi a ƙasar Damagaram. Abin da ya haɗa su shi ne matsalar da aikin Darwin ya warware wa mutanensa, wato wane ne ke adana abin da ya faru a fili bayan taro ya watse. Ƙasar da ke da kokowa da dambe da langa da sukuwa tana fuskantar wannan matsala kowace kaka, saboda haka tarihin wanda ya yi nasara a kanta ya cancanci a dube shi da kyau, har da inda ya gaza.

Wasan da ƙasar da ta haife shi

Ƙwallon lambu wasa ne mai sauƙin bayani, mai wuyar ƙwarewa. Ɗan wasa yana bugun wata ƴar ƙaramar ƙwallo mai tauri da sanda, daga wurin tashi har ya jefa ta cikin wani rami da faɗin bakinsa bai kai santimita 11 ba, wanda ke iya zama nesa da mita ɗari huɗu ko fiye. Cikakken fili yana da rami 18, kuma wanda ya zagaye su da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. A wani tsarin kuma ana lissafi ne rami bayan rami, wanda ya ci ramuka mafi yawa ya yi rinjaye.

A ƙasar Sikotilan wasan ya samu siffarsa, a kan jigawar bakin teku wadda ba ta noma, sai kiwon tumaki da zomaye. Tun a shekarar 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi, bisa dalilin cewa yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. An rubuta dokokinsa na farko a 1744 a garin Leith, an kafa ƙungiyar St Andrews a 1754, wadda daga baya ta zama uwar dokokin wasan a mafi yawan ƙasashen duniya, sa'an nan aka fara babbar gasar Birtaniya a Prestwick a 1860. Ya zuwa ƙarshen ƙarni na 19 jirgin ƙasa ya sauƙaƙa zuwa bakin teku, wasan ya malalo Ingila, ya zama abin yayin lauyoyi da likitoci da attajirai. A cikin wannan yayi Darwin ya buɗe ido.

Maraya a gidan kaka

An haifi Bernard Darwin ranar 7 ga Satumba 1876 a ƙauyen Downe da ke yankin Kent. Mahaifiyarsa, Amy Ruck, ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwarsa, sai mahaifinsa Francis Darwin, masanin tsirrai, ya koma da jaririn gidan iyayensa. Kakan nan kuwa shi ne Charles Darwin, masanin halittu wanda littafinsa na 1859 ya tayar da muhawarar da har yau ba ta kwanta ba tsakanin malaman addini da na kimiyya. Yaron ya tashi a wannan gida har rasuwar kakansa a 1882, lokacin yana ɗan shekara biyar. Littafin ƙarshe da tsohon ya wallafa, a 1881, a kan tana yake, tsutsar nan ta cikin ƙasa, kuma sakamakon shekaru masu yawa ne na zura ido ga abin da sauran mutane ke takawa su wuce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: jikan bai zama masanin kimiyya ba, amma ya gaji haƙurin kallon ƙaramin abu har sai ya bayyana sirrinsa.

Ta wajen dangin uwa kuma ya gaji wasan. Wani kawunsa, hafsan soja, shi ne ya fara shata ramuka a jigawar Aberdovey da ke ƙasar Wels, inda ya binne tukwanen shuka furanni a matsayin ramuka. Wannan fili ya zauna a zuciyar Darwin har tsufansa, kuma ya sha komawa gare shi a rubuce-rubucensa. Ya yi karatu a makarantar Eton, ya wuce Jami'ar Kambirij, inda ya buga wa jami'ar wasa daga 1895 zuwa 1897, ya zama kyaftin a shekararsa ta ƙarshe. Daga nan ya bi hanyar da ƴaƴan manya irinsa suka saba bi, ya zama lauya. A 1906 ya auri Elinor Monsell, mai zane ƴar ƙasar Ailan, wadda daga baya suka haɗa hannu wajen wallafa littattafan yara, shi da labari, ita da zane.

Aikin lauya bai kwanta masa ba. A 1907 ya fara rubuta maƙalu a kan ƙwallon lambu, ya samu shiga jaridar The Times da mujallar Country Life, a 1908 kuma ya ajiye rigar lauya baki ɗaya. A idon mutanen ajinsa wannan koma baya ne, domin a wancan lokaci ba a ɗauki rubutun wasanni sana'ar mai ilimi ba. Yawancin rahotanni ba su wuce sunan wanda ya ci da yawan bugunsa. A 1910 ya fitar da littafinsa The Golf Courses of the British Isles, wanda mai zane Harry Rountree ya ƙawata, inda ya bi filayen Birtaniya da Ailan ɗaya bayan ɗaya yana siffanta tudu da kwari da iska da yanayin kowane. Har yanzu ana sake buga wannan littafi, kuma masu gyaran tsofaffin filaye suna komawa gare shi domin su san yadda wuraren suke kafin a sauya su.

Ranaku biyu a Amurka

Ranaku biyu sun fi fitowa fili a tarihin aikinsa, dukansu a Amurka. A watan Satumba na 1913 manyan gwanayen Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray, suka shiga babbar gasar Amurka a Brookline, kusa da birnin Bostan, Darwin kuma yana can a madadin jaridarsa. Bayan zagaye huɗu sai aka tashi kunnen doki tsakanin baƙin nan biyu da wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Francis Ouimet, ɗan talakawa wanda gidansu ke tsallaken titi daga filin, wanda kuma ya koyi wasan ne yana yaron ɗaukar jakar sanduna. Washegari aka yi wasan raba gardama cikin ruwan sama. Mai ɗauke wa Ouimet jaka yaro ne ɗan shekara goma, Eddie Lowery, wanda aka ɗora wa rubuta lissafin bugunsa kuwa Darwin ne. Ouimet ya gama da bugu 72, Vardon 77, Ray 78. Wakilin jaridar Landan, wanda zuciyarsa ke tare da mutanen ƙasarsa, shi ya sa hannu a takardar da ta tabbatar da faɗuwarsu, kuma rahoton da ya aika gida bai rage wa saurayin komai daga yabon da ya cancanta ba. Masana tarihin wasan suna ɗaukar wannan rana a matsayin mafarin yaɗuwar ƙwallon lambu a tsakanin talakawan Amurka.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse aikinsa, ya yi hidimar soja a sashen kula da kayan yaƙi a yankin Masedoniya. Bayan yaƙi ya koma fili, a matsayin marubuci da ɗan wasa gaba ɗaya, domin shi kansa gwani ne: sau biyu, a 1909 da 1921, yana kai wa wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƴan sha'awa ta Birtaniya. A 1922 aka shirya karo na farko na Kofin Walker tsakanin Amurka da Birtaniya, a wani fili da ke Long Island. Darwin ya bi tawagar ƙasarsa domin ɗauko rahoto, sai kyaftin ɗin tawagar, Robert Harris, ya kwanta rashin lafiya. Aka nemi wakilin jarida ya maye gurbinsa, yana da shekara 45. Ya sha kaye a wasan bibbiyu, amma a na ɗaiɗai ya doke kyaftin ɗin Amurka, William Fownes. Amurka ce ta ɗauki kofin da ci 8 da 4, shi kuma ya zauna ya rubuta labarin gasar da shi kansa yake cikinta.

Yadda yake aiki

Hanyar aikinsa tana tsaye a kan karin maganar nan da ke cewa gani ya kori ji. Yakan zaɓi wasa ɗaya ya bi shi da ƙafa daga rami zuwa rami, cikin iska ko ruwa, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Idan wani abu ya faru a wani ɓangaren filin da ba ya nan, yakan shaida wa mai karatu cewa labari ya ji. Bai yarda da al'adar tare ɗan wasa da tambayoyi bayan an tashi ba, domin a ganinsa abin da mutum ya aikata a fili shi ne shaida, kuma aikin marubuci ne ya fahimce shi ya bayyana. Wannan ra'ayi yana da rauni, tunda ya hana mai karatu jin muryar ƴan wasa, amma ya tilasta wa marubucin ya san wasan ciki da bai.

Abu na biyu shi ne neman lokacin da wasa ya juya. A kowace karawa akwai wani ɗan lokaci da ƙarfin zuciyar ɗaya ke karyewa, na ɗayan ya ƙaru, wanda sau da yawa yakan zo tun kafin bugun ƙarshe. Darwin ya ƙware wajen gano wannan lokaci, kuma saboda shi kansa ɗan wasa ne da aka sani da saurin fushi idan bugu ya ƙi shi, ya san abin da tsoro ke yi wa hannun mutum. Wannan ne ya sa yake tausaya wa wanda aka kayar, yana ba shi nasa kaso na labari. Abu na uku kuwa shi ne harshe. Ya haddace littattafan Charles Dickens kamar yadda almajiri ke riƙe allonsa, yana tsoma halayen mutanen cikinsu a rahoton wasa ba tare da ƙaƙale ba. Ya rubuta sharhunan nishaɗi masu yawa a shafin ra'ayin jaridarsa, kuma shi aka zaɓa ya rubuta gabatarwar ƙamusun zantukan hikima da Jami'ar Okusfod ta fitar a 1941. Yana kuma da dabarar ƙanƙan da kai. A 1933, da suka ci wata gasa ta maza da mata tare da shahararriyar ƴar wasa Joyce Wethered, ya ba da rahoton nasarar yana mai nuna cewa abokin wasanta wani tsoho ne da sunansa ya kwanta masa.

Da wannan alƙalami ya adana zamani guda. Ya rubuta ƙarshen mulkin gwanaye uku, Vardon da J. H. Taylor da James Braid, waɗanda suka cinye babbar gasar Birtaniya sau 16 tsakanin 1894 da 1914. Ya shaidi shekarar 1930 da Bobby Jones na Amurka ya haɗa manyan kofuna huɗu a shekara guda, ya kuma bar gasa yana da shekara 28. Ya ga Henry Cotton ya dawo wa Birtaniya da kofinta a 1934, bayan shekara goma yana tafiya Amurka. Littafinsa Golf Between Two Wars na 1944 ya tattara wannan zamani. A 1934 aka naɗa shi kyaftin na ƙungiyar St Andrews, a 1937 kuma gwamnatin Birtaniya ta ba shi lambar girma. Shekarar da ya bar The Times ita ce shekarar da Ben Hogan ya ci gasar Birtaniya a Carnoustie, shekara huɗu bayan haɗarin motar da ya kusa hallaka shi. Darwin ya ci gaba da rubuta wa Country Life har shekarar rasuwarsa. Ya rasu ranar 18 ga Oktoba 1961 yana da shekara 85. Daga cikin waɗanda suka bi sawunsa akwai Henry Longhurst a Ingila da Herbert Warren Wind a Amurka, wanda ya haɗu da shi tun yana ɗalibi a Kambirij.

Inda idonsa bai kai ba

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Darwin ɗan ajinsa ne kuma ɗan zamaninsa. Duniyar da ya rubuta ta kasu gida biyu: ƴan sha'awa masu hali, waɗanda jarida ke sakaya sunansu da laƙabin girmamawa, da ƴan sana'a masu cin abinci da wasan, waɗanda ake kira da sunansu tsura, ba a kuma barin su shiga gidan kulob. A 1920, a garin Deal, Walter Hagen na Amurka ya yi hayar babbar mota ya ajiye ta a ƙofar kulob, ya mayar da ita ɗakin sauya tufafinsa, domin ya nuna wautar wannan doka. Darwin ya girmama ƴan sana'a, har ya rubuta tarihin rayuwar James Braid, wanda kafinta ne kafin ya shahara, amma bai ɗauki rushe wannan katanga a matsayin aikinsa ba.

Akwai wata katangar da ta fi wannan tsayi. Ƙungiyar ƴan sana'ar wasan ta Amurka ta rubuta a tsarin mulkinta a 1934 cewa farar fata kaɗai ke iya zama mamba, ba ta kuma soke wannan sharaɗi ba sai a watan Nuwamba na 1961, makonni kaɗan bayan rasuwar Darwin. Alhali tun 1896 wani saurayi baƙar fata, John Shippen, ya shiga babbar gasar Amurka ya zo cikin na gaba. Labarin irin su Charlie Sifford ya tsira ne saboda jaridun baƙar fata, da marubuta irin Maggie Hathaway ta jaridar Los Angeles Sentinel, waɗanda suka mayar da shafin wasanni fagen neman haƙƙi. A Afirka ta Kudu, Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya, ya ci gasar Natal a 1963 da 1965, kuma duniya ta san shi ne da labarin yadda aka miƙa masa kofi a waje cikin ruwan sama, saboda dokar wariyar launin fata ta hana shi shiga gidan kulob. Abin da wannan ke nunawa shi ne, marubuci komai gwanintarsa yana adana abin da ke kusa da zuciyarsa ne, kuma al'ummar da ba ta da nata marubuci sai ta zama inuwa a gefen labarin wasu.

Ƙwallon lambu a ƙasashen Hausa

Haka ta faru da wasan ya iso Afirka ta Yamma a cikin kayan Turawan mulki. A Arewacin Najeriya an kafa filin Rayfield a Jos a 1913, domin Turawan haƙar kuza, aka kuma samu filaye a unguwannin Turawa na Kano da Kaduna da Zariya. Da yake ciyawa ba ta jure rani, sai aka riƙa daddaɓe kewayen rami da yashi gauraye da mai a maimakon korayen ciyayi. Yaran gari su ne masu ɗaukar jaka da neman ƙwallon da ta ɓace, kuma daga cikin irinsu ne ƙwararrun ƴan wasan Najeriya na farko suka fito, amma tarihin kulob ya fi riƙe sunayen shugabanninsa Turawa. A ɓangaren Nijar kuwa, inda Zinder ta kasance hedkwatar mulkin Faransa har zuwa 1926, Faransawa ba su ba wannan wasa matsayin da Ingilishi suka ba shi ba, saboda haka bai bar wata alama a Damagaram ba.

Yana da kyau a kwatanta shi da ƙwallon dawaki. Wannan ma baƙon wasa ne, amma da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi a shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo kuma ya shahara a cikinsa, sai ya samu gindin zama, domin ya tarar da al'adar doki da hawa a ƙasa. Ƙwallon lambu bai tarar da komai irin wannan ba, ya tsaya a hannun manyan ma'aikata da hafsoshi da ƴan kasuwa. Saboda haka abin da ƙasar Hausa za ta ɗauka daga Darwin yana cikin sana'arsa ta rubutu, wasan kuwa a bar wa masu shi.

Makaɗi da marubuci

Hausawa ba su rasa masu adana labarin wasa ba. Makaɗi shi ne ɗan jaridar fili tun kafin zuwan takarda. Sunan Shago ya wuce zamaninsa a dambe ne saboda bakin Ɗan Anace, Narambaɗa ya dawwamar da dokin sukuwa a waƙarsa ta Dokin Iska Ɗanfilinge, a Nijar kuma muryar Sagalo ta zama ɗaya da filin kokowa. Makaɗi yana yin abin da Darwin ba zai iya ba: yana tsuma ɗan wasa tun kafin a kama, yana isa ga wanda bai yi karatu ba, kuma abin da ya faɗa yana shiga bakin yara. Sai dai waƙa tana da nata iyaka. Makaɗi yana da ubangida, abokin karawar ubangidansa kuwa rabonsa habaici ne ko zambo. Waƙa tana riƙe suna da kirari, amma ba kasafai take riƙe shekara ba, ko garin da aka yi karawar, ko dabarar da ta kawo kaye, ko abin da wanda ya faɗi ya yi na bajinta kafin ya faɗi.

Tun 1975, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta shirya gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kokowa ta zama babban wasan Nijar. Gasar tana zagaya jihohi, kowace jiha daga cikin takwas tana kawo ƴan kokowa goma, rediyo da talabijin suna watsa ta kai tsaye, wanda ya yi nasara kuma ya ɗauki takobi. An san jerin sarakunan kokowa, daga Kantu da Kadade na Tawa da Salma Ɗan Rani na Doso, zuwa Langa-Langa da Bala Haruna da Badamasi na Damagaram, har zuwa Isaka Isaka na Doso wanda ya ɗauki takobi sau shida. Amma wannan jeri ƙololuwar dutse ce kawai. Kowane ɗan kokowa da ya wakilci jiha ya fito ne daga kokowar ƙauye ta bayan girbi, daga dandalin da samarin Kurni ko Tsauni ko Ɗan Barto ke karɓar baƙuncin maƙwabtansu, har da na tsallaken iyaka ta wajen Daura. Wannan mataki shi ne tushen, kuma shi ne wanda ya fi ƙarancin rubutu. Idan tsohon ɗan kokowa ya rasu, sunayen dabarun kamu da ya sani, da ladubban shiga fili, da labarin waɗanda ya kara da su, duk suna bin sa kabari. Hoton wayar salula yana ɗaukar kaye, amma ba ya bayyana dalilinsa, kuma yakan ɓace ranar da wayar ta lalace.

A nan ne hanyar Darwin ke da amfani ga malami da ƙungiya. Ba ta buƙatar kuɗi mai yawa, abin da take buƙata shi ne mutum mai ido da littafin rubutu. Ya rubuta rana da wuri da sunayen masu karawa da garuruwansu. Ya siffanta filin, yashi ne ko tsandauri, da rana aka yi ko da farin wata. Ya lura da lokacin da karawa ta juya, ya tambayi dattawa sunan kamun da aka yi da Hausar wurin, ya rarrabe abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Ya kuma ba wanda aka kayar haƙƙinsa, ko da ɗan wani gari ne. Inda Darwin ya ƙi tambayar ƴan wasa, marubucin Hausa ya saɓa masa, domin a nan ilimin yana bakin mutane ne, kuma makaɗi da mai busa da alƙalin fili duk suna da abin faɗi.

Kammalawa

Amfanin irin wannan rubutu bai tsaya ga tarihin wasa ba. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma tun daga lokacin ƙorafin malamai bai wuce ƙarancin abin karantawa da zai ja hankalin yaro ba. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, abin da ya ƙara nauyi a wuyan masu rubutu da ita. Yaron da ke gudun littafi ba zai guji shafin da ke ba da labarin yadda ɗan ƙauyensu ya kayar da baƙo ba, kuma a cikin wannan shafi zai koyi siffantawa da jeranta tunani da yi wa abokin hamayya adalci. Cibiyoyi irin IRSH da CELHTO a Yamai, da jami'ar Zinder mai ɗauke da sunan André Salifou, masanin da ya rubuta tarihin Damagaram, wurare ne da za a iya ajiye kwafin abin da aka tattara domin masu bincike na gaba.

Bernard Darwin ya bar aikin da mutanensa ke ganin girmansa, ya kama wanda suke rainawa, ya yi shi da gaskiya fiye da shekara hamsin, har ya zama duk mai son sanin yadda aka buga wani wasa a 1913 ko 1930 yana iya buɗe shafi ya gani. Gwanayen da ya rubuta ba su fi Kantu ko Langa-Langa jarumta ba, sun dai samu wanda ya tsaya a gefen fili da alƙalami. Tsofaffin ƴan kokowar ƙasar Kance da suka ga zamanin samariya suna raye a ƙauyukansu, yawansu kuma yana raguwa kowace shekara. Ƙungiyar da ta tura ɗalibai biyu su zauna da ɗaya daga cikinsu kafin kaka mai zuwa ta fara aikin ke nan.